NA'URA DA KALLO: Kafin a zagi darakta, a ɗauki rimot

Abu ne da ya saba faruwa a gidaje da majalisun matasa. An zauna ana kallon sabon shiri, sai jaruma ta fito fuskarta tana ƙyalli kamar an shafa mata manja. Nan take wani zai ce, "Kai! Wannan yarinyar ta shiga bilicin!" Wata daga gefe ta amsa, "Wallahi Yaya, a fim ɗin bara ba haka ta ke ba." Kafin a ankara hira ta bar labarin fim ta koma kan fatar 'yar mutane. Can kuma an zo fitowar dare, ɓarayi sun hauro katanga, allo ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai fararen idanu. Sai a koma kan darakta: ba su da fitilu, ba su iya aiki ba, gara a sa na Indiya.

Wani lokacin zargin gaskiya ne, domin industiri ba ta rasa masu aikin ganin dama. To amma sau da yawa mai laifin yana nan cikin ɗakin, maƙale a jikin bango. Duk mai shakka ya ɗauki fim ɗaya ya kalle shi a gidansu, sannan ya je ya kalle shi a gidan maƙwabta. Zai ga jaruma ɗaya da kala biyu. A nan ja ce jawur, a can kuma ta yi fari fat kamar wadda ta tashi daga jinya. Fim ɗin bai canza ba, saitin akwatunan ne ya bambanta.

Abin takaicin shi ne, mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi ƙatuwar talabijin, ko a sako ta cikin kayan ɗakin amarya, amma har ta tsufa ba zai taɓa buɗe wurin saitin hoto ba. Alhali gyaran bai wuce aikin minti talatin ba, ba ya buƙatar mai gyara, ba ya cin ko sisi.

DALILIN DA YA SA TA KE ZUWA A HAKA

A shagon kayan lantarki talabijin ashirin ne jere ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, kowace tana neman idon mai saye. Wadda ta fi haske da kala mai kururuwa ita ke fara ɗaukar hankali. Saboda haka kamfanoni ke sa wa akwatunansu wani saiti na musamman domin shago: haske a ƙure, kala a ƙure, fari yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. A shago abin yana da ban sha'awa. A ɗaki kuwa, musamman da dare, kallon kitse ne a ke yi wa rogo. Ido zai gaji, fuskoki su zama na roba, ɗinkin riga ya ɓace.

Su kuwa masu shirya fim suna da ƙa'ida. Tun 1990 hukumar sadarwa ta duniya ta fitar da ma'aunin da a ke kira Rec. 709, wanda ya fayyace irin ja da kore da shuɗi da farin da hoton HD zai ɗauka. A tsarin sana'a, edita da mai gyaran kala suna aiki ne a kan allon da aka daidaita da wannan ma'auni, cikin ɗaki mai ƙarancin haske. Idan darakta ya so fitowar makoki ta yi duhu-duhu, ko fitowar waƙa ta yi ruwan zinare kamar yammacin kaka, a kan wannan allon ya ke yanke shawara. Manufar gyaran da mai kallo zai yi a gida ita ce akwatinsa ya matso kusa da wancan allon, domin ya ga abin da aka shirya masa ya gani.

KAFIN A TAƁA KOMAI

Da farko a goge gilashin. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta dusashe hoto. A yi amfani da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, talabijin tana kashe. Kada a fesa ruwa ko sabulu kai tsaye a jikin allo, in ya zama dole a ɗan jiƙa ƙyallen ne kawai.

Na biyu, a yi gyaran a lokacin da aka fi yin kallo. Wanda ya saba kallo bayan isha'i kada ya daidaita akwatinsa da tsakar rana taga a buɗe. A kunna ta ta ɗan ɗauki lokaci tana aiki, musamman idan tsohuwa ce mai ƙaton baya, wadda hotonta ba ya daidaita sai ta yi zafi kamar na rabin awa.

Na uku, a ɗauki hoton lambobin saitin da waya kafin a canza su. In an rikice, sai a dawo da su yadda su ke. Hasali ma kusan kowace talabijin tana da wurin mayar da saitin hoto yadda ya fito daga kamfani, don haka babu abin tsoro. Wuri ɗaya ne haramtacce: ɓoyayyen shafin masu gyara, wanda a ke shiga da wasu lambobi na sirri a rimot. Wanda bai san aikin ba ya shiga can, yana iya lalata akwatin gaba ɗaya.

Na huɗu, a tanadi fim mai kyawun kwafi wanda aka san shi sosai. A nemi wurare uku a cikinsa: fitowar dare, fitowar da wani ya sa fararen kaya da rana, da kuma wurin da kyamara ta matso kusa da fuska. Wurin da za a riƙa tsayar da hoto ke nan ana dubawa.

MATAKIN DA YA FI KOWANE GIRMA

A shiga saitin hoto, a nemi jerin yanayin hoto. Sunayen da Turanci su ke a kan allo. Wanda aka rubuta wa "Vivid" ko "Dynamic" shi ne na shago, a guje shi. A zaɓi wanda aka rubuta wa "Cinema" ko "Movie". Idan akwatin na baya-bayan nan ne, mai yiwuwa a tarar da Filmmaker Mode, wanda ƙungiyar UHD Alliance ta sanar a 2019 da goyon bayan manyan daraktocin Amurka irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan. Wannan yanayin yana kashe yawancin ƙarin gishirin da kamfani ya zuba a lokaci guda. Wannan zaɓin shi kaɗai ya ɗauke mafi yawan aikin.

Sai dai akwai gargaɗi. Minti na farko bayan an canza, hoton zai yi kamar ya dusashe, ya yi rawaya-rawaya. Nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya. Wanda ya saba shan shayi da cokali biyar na sukari, ranar da aka sa masa biyu zai ce babu komai a ciki. A ba ido kwana uku. Bayan nan in aka koma tsohon saitin, mutum da kansa zai yi mamakin yadda ya daɗe yana kallon mutane masu shuɗin haƙora.

A kuma duba ko akwatin yana kan tsarin shago ne ko na gida. Alamar na shago ita ce tallar kamfani da ke faɗowa a gefen allo, ko kuma saitin ya riƙa komawa yadda ya ke da kansa bayan an gyara. Haka nan akwai tsarin tsimin wuta, wanda ke rage haske ko ƙara shi yadda ya ga dama. A kashe shi lokacin gyara. Masu amfani da sola ko ƙaramin janareta suna iya rage hasken da hannunsu daga baya, wanda hakan ya fi a bar na'ura tana wasa da hoto a tsakiyar fim.

FITILA, BAƘI DA FARI

A nan ne aka fi samun ruɗani, domin sunayen suna yaudara. Yawancin talabijin masu faɗi da a ke kira filasma a kasuwa ba filasma ba ne, manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma ta ainihi tun 2014. Allon LCD ne mai fitilun LED a bayansa. Ƙarfin waɗannan fitilun shi ne wurin da aka rubuta wa "Backlight". Shi ne ainihin mai ƙara haske ko rage shi, kuma shi kaɗai ne ya dogara da ɗaki. Da rana a ɗaga shi, da dare a sauke shi har ido ya daina jin nauyi idan farin hoto ya fito. Taɓa shi ba ya ɓata kala ko ɓoye wani abu.

Shi kuma wanda aka rubuta wa "Brightness", a yawancin akwatuna aikinsa shi ne zurfin baƙi. In ya yi ƙasa da yawa, duk abin da ke cikin inuwa sai ya haɗe ya zama baƙi ɗaya. In ya yi sama da yawa, baƙi ya koma toka-toka kamar hazo ya shigo ɗakin. Wasu sababbin akwatunan Sony da Samsung sun canza sunaye, inda "Brightness" ya koma sunan fitilar baya, zurfin baƙi kuma aka ba shi wani suna daban. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a motsa shi a gani. In dukkan allon ne ke ƙara haske, fitila ce. In baƙin ne kawai ke yin fari-fari, to zurfin baƙi ne.

Wannan saitin ya fi shafar finafinanmu fiye da na kowa, domin yawancin 'yan wasanmu baƙaƙen fata ne. Fuskar baƙin mutum a inuwar zaure tana zaune ne a kusa da iyakar duhu. Rage lamba uku ko huɗu kawai ya isa ya shafe idanu da kumatu, ya bar darakta da shan zagi. Ga yadda za a gwada. A tsayar da fim ɗin Indiya mai baƙaƙen layuka a sama da ƙasa. A ɗaga zurfin baƙi har layukan su yi toka-toka, sannan a riƙa saukewa ɗaya bayan ɗaya har su koma baƙi sosai. A tsaya nan, kada a ƙara. Daga nan a koma fitowar dare a duba: ana bambance gashin kai da duhun da ke bayansa? Ana ganin ninkin baƙar abaya ko baƙar kwat? In ana gani, an dace. Sau da yawa za a tarar lambar ta faɗo daidai inda kamfani ya ajiye ta a yanayin sinima, wato tsakiya.

Sai "Contrast", wanda shi ne ƙarfin fari. Babu abin gwaji da ya kai farar shadda mai farin aiki. A tsayar da hoto inda Alhaji ya fito da babbar riga a rana. In aikin wuya da na aljihu sun ɓace, rigar ta zama kamar farar takarda, to ƙarfin fari ya wuce kima. A sauke shi har zaren ɗinkin ya bayyana. Wannan wuce kimar ne ke ƙona goshi da kumatun jarumai masu hasken fata, har a fara maganar man shafawa. Amma kada a sauke shi da yawa, hoton zai mutu. Bayan an gama, a sake leƙa zurfin baƙi, domin su biyun suna taɓa juna.

Akwai kuma wani saiti da ke ƙara duhu da haske da kansa gwargwadon abin da ke kan allo, a kan rubuta masa "Dynamic Contrast" ko makamancin haka. A kashe shi. Idan kuwa fim ɗin na HDR ne, irin waɗanda a ke samu a Netflix, akwatin zai shiga wani saiti na daban da kansa. A can ma a zaɓi yanayin sinima, a bar fitila da ƙarfin fari inda aka same su.

KALA, ƊUMIN FARI DA KAIFI

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma babu abin da ido ya sani kamar fatar ɗan Adam. Da ita za a auna kala. A tsayar da hoto a fuska, a duba ta, sannan a dubi bayan hannun wanda ke zaune a gefe. Mutum ba ya yin ruwan lemo. In leɓe ya yi ja kamar an zuba jan-baki alhali namiji ne, ko jar atamfa ta zama dunƙulen ja ba a ganin zanenta, kala ta yi yawa. A rage a hankali har zanen ya fito. A yanayin sinima da wuya a bukaci matsawa nesa da tsakiya.

Kusa da shi akwai wanda ke karkata kala tsakanin kore da ja-ja, mai suna "Tint" ko "Hue". Wannan gadon tsarin talabijin na Amurka ne, NTSC, wanda kalarsa kan zame. Tsarin PAL da Nijeriya ta yi amfani da shi yana gyara wannan zamewar da kansa, hoton dijital na yanzu kuma ba ya da matsalar. A bar shi a tsakiya.

Ɗumin fari shi ne abin da ke sa fari ya karkata zuwa shuɗi ko zuwa rawaya. Zaɓin kan zo uku: mai sanyi, matsakaici, da mai ɗumi. Farin da masu fim ke aiki da shi ana kiran sa D65, kusan digiri 6500 a ma'aunin Kelvin, kwatankwacin hasken rana tsaka. A yawancin akwatuna zaɓin da aka rubuta wa "Warm" shi ya fi kusa da wannan. Mai sanyin yana sa baƙar fata ta yi toka-toka kamar an yi wanka ba a shafa mai ba, yana kuma kashe jan ƙasar ginin gargajiya a finafinan sarauta.

Saura kaifi, wato "Sharpness". Sunan yana sa mutum ya ɗauka ƙara shi zai fito da abin da ba a gani. Abin da ya ke yi kawai shi ne zana farin layi siriri a gefen kowane abu. A duba rubutun fassara da ke ƙasan allo, ko gefen hular jarumi idan sama ce a bayansa. In akwai wani farin zobe kewaye da su, kaifi ya yi yawa. Shi ne kuma ke fito da ƙurajen fuska da kwalliya fiye da yadda su ke. A sauke shi har zoben ya ɓace. A akwatuna da yawa wurin yana kusa da sifili, a na Sony kuwa yawanci tsakiya ne.

FIM YA KOMA KAMAR BIDIYON BIKI

Akwai ƙorafin da wasu ke yi ba tare da sun san sunansa ba. Sun sayi sabuwar talabijin, amma fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi ya koma kamar bidiyon kamu da aka ɗauka da ƙaramar kyamara. Motsi ya yi santsi fiye da kima, faɗa ya zama kamar wasan yara, rawa ta rasa armashi.

Ga dalili. Fim ɗin sinima hotuna 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya, shirye-shiryen talabijin a ɓangarenmu kuma 25. Sababbin akwatuna suna ƙirƙiro hotunan ƙarya su cusa a tsakani domin motsi ya yi laushi. LG na kiran abin TruMotion, Sony na kiran sa Motionflow, Samsung kuma ta daɗe tana kiran sa Auto Motion Plus kafin ta mayar da shi ƙarƙashin Picture Clarity. Abin ya dami masu fim har ta kai a Disambar 2018 jarumi Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie su ka fitar da ɗan gajeren bidiyo suna roƙon jama'a su kashe shi kafin su kalli fim ɗinsu na Mission: Impossible – Fallout a gida. Bayan santsin, na'urar kan yi kuskure idan motsi ya yi sauri, sai a ga wani hazo-hazo kewaye da hannun mai rawa ko tayar mota.

Domin fim, a kashe shi. Masu kallon ƙwallo suna iya barin sa kaɗan a wani yanayin hoto na daban. Masu buga PlayStation kuma su nemi yanayin wasa, wanda ke rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa.

JARUMAI SUN YI ƘIBAR DA BA SU YI BA

Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, finafinan Hausa an ɗauke su ne domin tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i, wadda ma'auninta 4:3 ne. Allon yanzu 16:9 ne. Idan aka sa tsohon fim, daidai shi ne a ga baƙaƙen ginshiƙai a dama da hagu. Mutane da yawa ba sa son haka, sai su miƙe hoton ya cika allo. Sakamakon shi ne kowa ya yi gajere ya yi faɗi, fuska ta zama kamar faranti, tayar mota ta koma ƙwai.

Haka ma manyan finafinan Indiya da na Amurka, waɗanda faɗinsu ya kai 2.39:1. Baƙaƙen layukan sama da ƙasa ba matsala ba ce, haka aka tsara hoton. Wanda ya zuƙo shi domin ya kore su, ya yanke gefe da gefe ke nan. A fitowar waƙa mai 'yan rawa hamsin, wasu sun fita daga allo ba tare da ya sani ba. A bar girman hoto a kan na asali.

Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a da akwatuna su ka gada, ta ɗan zuƙo hoto su yanke bakinsa kaɗan. Ita ce ke cinye rabin rubutun fassara ko tambarin tasha. A LG maganinta shi ne Just Scan, a Samsung Fit to Screen, a Sony kuma Full Pixel.

ABIN DA RIMOT BA ZAI IYA BA

Duk gyaran da aka yi, akwati ba ya iya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba. Hoton faifan VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576. Cikakken HD 1920 da 1080, shi kuma 4K 3840 da 2160. Wanda ya sa VCD a allon 4K mai inci 55, ya shimfiɗa ɗan hankici ne a kan gadon ango. Dole ya ga dishi-dishi. A irin wannan ne kawai saitin rage hayaniyar hoto ke da ɗan amfani, shi ma a sa shi ƙasa-ƙasa. A kwafi mai kyau kuwa a kashe shi, domin yana goge fuska ta zama kamar ta 'yar tsana.

Haka abin ya ke ga finafinan da a ke turawa a waya da filashi. Domin a cusa finafinai da yawa a ƙaramin memori, sai a matse su har su rasa rai. A allon waya ba a lura, amma a babbar talabijin duk fitowar dare za ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai. Wannan ba aikin mai ɗaukar hoto ba ne. Masu bin Labarina ko Izzar So a YouTube su duba lambar ingancin da ke gefe. In tana kan 360 saboda tsimin data, to 360 ɗin za a gani komai tsadar akwatin. In hali ya yi a ɗaga zuwa 720 ko 1080.

Waya ma tana da nata rabon. Har yanzu akwai gidajen da a ke haɗa dikoda mai HD da sabuwar talabijin ta tsohuwar waya mai kai uku, rawaya da fari da ja. Wannan rawayar ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. A nemi wayar HDMI, kuma ba sai mai tsada ba, domin matuƙar tana aiki lafiya hoton ɗaya ne. Sannan a shiga saitin dikodar kanta a tabbatar tana fitar da 1080 da kuma 16:9. Wani abin lura shi ne, akwatuna da yawa suna riƙe saiti daban ga kowace ƙofa. Gyaran da aka yi wa ƙofar dikoda ba lallai ya shafi ta filashi ko ta YouTube ba, sai an maimaita, ko a nemi wurin da ke cewa a yi amfani da shi a duka.

Sai ɗakin kansa. An saba maƙala talabijin can sama kusa da silin, alhali masu kallo suna zaune a kan kafet. Allon LCD kuwa idan aka kalle shi daga ƙasa ko daga gefe, kala da baƙi duk dusashewa su ke yi. Daidai shi ne tsakiyar allo ta yi kusa da saitin idon wanda ke zaune. In ba za a iya sauke ta ba, a ɗan sunkuyar da ita. Kada ta fuskanci taga ko ƙwan lantarki. Kallo a duhu ƙirin ma yana gajiyar da ido, ƙaramar fitila a bayan akwatin ta fi. Game da nisa, masana sinima suna ba da shawarar kusan ninki ɗaya da rabi na girman allon ko ɗan fiye: kamar mita 1.3 ga mai inci 32, mita 1.7 ga mai 43, da mita 2.2 ga mai 55.

Masu tsohuwar talabijin mai ƙaton baya su ma ba a bar su a baya ba. Dokar baƙi da fari da kala ɗaya ce. Ƙarin abin da za su kula da shi shi ne sifika. Maganaɗisun da ke cikin manyan sifiku shi ne ke sa kusurwar allo ta yi kore ko shunayya. A matsar da su nesa, a kashe akwatin daga soket na ɗan lokaci, sannan a kunna. Sau da yawa tabon kan tafi da kansa.

Wanda ke son ya wuce gwajin ido, akwai hotunan gwaji na musamman. Wasu tsofaffin faifan DVD na asali masu tambarin THX suna ɗauke da THX Optimizer, akwai kuma faifan Spears & Munsil da aka yi domin wannan aikin kawai. Amma ga mai kallo na yau da kullum, farar shadda da baƙar abaya da fuskar mutum sun wadatar.

Bayan duk wannan, in aka sa fim aka tarar har yanzu fitowar dare ba a ganin kowa, ko fuskar jaruma ta canza kala sau uku a magana ɗaya, to yanzu kam mai kallo ya sami bakin magana. Ya rubuto wasiƙa, shafin ra'ayin masu karatu a buɗe ya ke, kuma furodusoshi suna karantawa. Amma a fara da gyaran na gida tukuna, kada a ɗora wa mai ɗaukar hoto da ya kwana a lokeshin laifin wani maɓalli, ko a ɓata sunan 'yar mutane saboda lamba ta wuce inda ya kamata ta tsaya.

A fitowa ta gaba filin zai duba ɓangaren sauti: dalilin da ya sa kiɗa ke tashin maƙwabta amma maganar 'yan wasa ba ta fita, da kuma inda ya dace a ajiye kowace sifika.